Bidon Ruwan da Na Kai Damagaram

Ƴaƴana, na san abin da aka gaya muku game da shekarar da lemona ya mutu. An ce ubanku ya so ya yi wa gwamnati wayo, gwamnati ta fi shi. A bakin tasha ma na ji wani yana rantsuwa wai da ankwa aka wuce da ni Damagaram, alhali a ranar da yake faɗa ina gida ina fama da ciwon haƙori. Wani ɓangaren laifina ne, don ni kaina na sha ba da labarin a majalisa ina ƙara masa gishiri har mutane su riƙe ciki, kuma duk wanda ya ji daga bakina sai ya tafi ya barbaɗa nasa barkonon. To yanzu gwiwata ta fara ƙara kamar ƙyauren kwano in zan tashi daga sujada, rabin gemun nan ya koma auduga, don haka bari in rubuta muku yadda aka yi.

Filin da ke bayan masallacin unguwarmu gadona ne daga kakanku. Gado ne na suna kawai. Rairayi ne zalla, wanda ko akuya ta shiga sai ta fito tana kallon mutum kamar ya yaudare ta. A gaban masallacin kuma ruwan alwala na fita ta rariya ya kwanta a kan hanya, ya yi taɓo baƙi ƙirin, rani da damina. Babu tsohon da ke unguwar nan da bai taɓa zamewa a wurin ba. Na ga ranar da Limaminmu, Malam Sani, ya tattare babbar riga ya yi tsalle kamar mai wasan langa, ya sauka da ƙafa ɗaya a ciki, ya koma ya sake wanke ta jama'a na jira a sahu.

A wani cin-rani da na yi a Kano na yi aiki wurin wani mai dashen itatuwa a bakin titi, a can na ga yadda ake tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Da na dawo Matameye na roƙi Liman ya ba ni ruwan nan da kowa ke zagi. Ya ce in na iya raba shi da hanya har addu'a zai yi mini ta musamman. Na haƙa ramuka uku a jere a bayan katanga, na farko na zuba masa tsakuwa, na biyu yashi, na uku gawayi. Na juya bakin rariyar ta koma baya, ruwa ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ya fita ta tiyo zuwa cikin fili. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan ne masu gulma ke shara ƙarya: makewayin masallaci raminsa daban yake, can kudu, bai taɓa haɗuwa da nawa ba. Abin da ke zuwa wurina ruwan fuska ne da hannu da ƙafa. Na dasa lemun tsami talatin da biyu. Sau biyar a rana suke shan ruwa ba fashi, sun fi rabin mazan unguwa kiyaye lokacin salla. In azumi ya kama masallaci ya cika, har ƙiba suke yi. Cikin shekara bakwai filin da akuya ta raina ya zama wurin da dattawa ke roƙon a bar su su yi ƙailula. Hanya ta bushe. Masu kai lemo Kance da Ɗan Barto a ƙofata suke tsayawa. A ƙarƙashin itatuwan na ɗan shuka salati da tumatir don amfanin gida.

Ana nan sai ga doka ta iso a kan babur, da jaka a rataye. Sunansa Mushe Isufu (Mushe shi ne Malam a bakin ƴan boko), ma'aikaci daga biro, wato ofishin masu duba tsabtar gari, siriri, mai ladabi irin wanda ke sa ka rasa inda za ka kama ka yi faɗa. Bayan azahar ya zo, ya gaishe ni ya gaida Liman, ya zagaya ramukan nan uku, ya sunkuya ya shinshina, ya rubuta, ya sake shinshinawa ya sake rubutawa.

"Malam Habu, aikin nan ya yi kyau," in ji shi. "Ina takardarsa?"

"Takardar me, Mushe? Rami ne fa. Ko shi ma sai ya yi lakwal, ya yi karatun boko ya ci jarrabawa?"

"Ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, doka ta ce ba a sakinsa a hanya, ba a kuma ba shuka shi sai da izini. Izini kuwa sai an gwada ruwan a Damagaram."

Liman ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗana, ruwan alwala ne. Da shi Musulmi ya wanke fuskar da zai kai ƙasa gaban Ubangijinsa."

"Na sani, Malam, ni ma yanzu na zuba nawa a ciki. Amma takarda ba ta san alwala ba. A wurinta da wannan, da ruwan marina, da wanda mahauta suka wanke tumbi da shi, a layi ɗaya aka rubuta su."

Har yau in na tuna maganar nan sai hulata ta yi mini zafi. Shekaru nawa ruwan nan yana kwance a kan hanya, sauro na aure a ciki suna haihuwa suna yin suna, ba wanda ya zo da jaka ya shinshina. Sai da na raba shi da hanya, na tace shi sau uku, na mai da shi inuwa da lemo, sannan doka ta farka ta goge ido ta nemo babur. Kada ku ce ubanku ba ya jin magana. Da Mushe ya yi mini bayani cewa ganyen da ake ci ɗanye bai kamata irin wannan ruwa ya taɓa shi ba, na gane, don ba na son cikin ɗan kowa ya ɓaci ta dalilina. A gabansa na tumɓuke salatin da tumatir ɗin na watsa wa awaki. Amma lemo fa? Lemo yana can sama ya fi ni tsawo, ruwa yana ƙasa, a tsakaninsu akwai saiwa da gindi da reshe da ɓawo mai kauri. Na ce masa duk cutar da ta iya hawa wannan tsani ai ta cancanci a ba ta aiki a gwamnati. Ya yi murmushi, ya rubuta mini inda zan kai ruwan.

Na sayi ƙaramin bido, wato jarka ta roba, sabo fil, mai ruwan ɗorawa, wanda ba a ganin abin da ke cikinsa. Bayan la'asar na tara shi a bakin tiyo na cika shi da hannuna. Ruwan ba garai-garai yake ba, launinsa kamar shayin da aka yi wa rowar ganye, da ɗan ɗigon gawayi yana yawo, amma ba wari ko kaɗan. Na toshe, na ajiye a zaure don kada in manta da safe.

A nan sai na tsaya in gaya muku wace ce uwarku Rabi kafin ku san ta da furfura. Ƴar Kurni ce, daga gidan da ake wanke kwanon baƙo sau uku kafin a zuba masa fura. Sabon kwano daga kasuwa sai ta wanke shi kamar an ci kifi a ciki. Da sabulu na wankuwa da ta wanke shi. Kunyarta kuwa kun sani, har yau ba ta taɓa kiran sunan yayanku na fari ba, sai dai ta ce "wancan". Ita ta shirya mini tafiya. Ta goge mini riga, ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli a leda, ta naɗe bidon cikin sabon ƙyalle ta ƙulle bakinsa kamar za a kai gara. Na ɗauka na hau mota. A Damagaram na yi layi daga hantsi har rana ta take tsaka, wani magatakarda ya karɓa, ya liƙa masa lamba, ya ce in koma gida za a aiko. Na dawo ina taƙama, na gaya wa majalisa cewa ruwana ya shiga babban birni ya zauna a kan tebur, abin da yawancinsu ba su taɓa yi ba.

Bayan mako uku, bazara ta fara gasa gari, Mushe Isufu ya dawo da takarda. A ƙofar masallaci ya same mu ana fitowa daga salla. Ya so ya ja ni gefe, ni kuma don tsabar yarda da kaina na ce ya karanta a gaban kowa, ba ni da abin ɓoyewa.

"Malam Habu, abin da ka kai ba ruwan ramin nan ba ne."

"To na wane rami ne?"

"Ruwan famfo ne. Har maganin da ake zuba wa ruwan famfo an samu a ciki."

Sai na fashe. Na ce injinsu na Damagaram ya sha rana ya haukace. Na ce magatakardan nan ya musanya mini da butar shayinsa. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa, da hannun nan na dama na cika bidon a bakin tiyo. Liman ya riƙe mini hannu ya ce a bar maganar rantsuwa, a je gida a huce. Na ga yadda wasu ke kallon ƙasa, wasu na kallon juna ta gefen ido, kuma na san kafin magariba labarin zai kai Kance a ƙafa.

Na shiga gida ina huci. Rabi na tsakar gida tana tankaɗe. Ban gaya mata abin da takarda ta ce ba, zagin mutanen Damagaram kawai nake yi, wai ba su san darajar ruwan da aka kai musu ba.

"Ai kuwa ba su da hujja, Malam," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ruwa mai kyau ka kai musu. Ni na tabbatar."

"Kin tabbatar yaya?"

"Da na buɗe na ga abin da ka zuba, sai da gabana ya faɗi. Mutum kamarka, da sabuwar riga, ka shiga gaban manya ka miƙa musu ruwan da ƙafafun ƙartin unguwa suka bi ta ciki? Su ce daga wane gida ka fito? Na zuba wa lemonka shi, na ɗauraye bidon tas, na cika maka da na famfo."

Ta faɗi haka da fuskar wadda ta fitar da mijinta kunya. Na nemi kujera ƴar tsugunno na zauna. Ta tambaye ni ko akwai matsala. Na ce babu, ƴar gardama ce ta takarda, za a daidaita. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari na tafi biro. Ba zan ci amanar Mushe Isufu ba, ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya buɗe littafin dokar ya nuna mini da yatsa. In wani ne ya musanya ruwan ba da sanina ba, za a sake gwaji cikin mako biyu, amma sai shi wanda ya yi ya zo biro da ƙafarsa, a yi masa tambayoyi, ya dangwala yatsa, a liƙa takardar da sunansa a allon ƙofa wata guda. In kuwa ni ne, to na yi wa hukuma maguɗi, za a toshe rariyar da siminti, ba za a sake duba maganata ba sai bayan shekara.

Na leƙa ta taga na ga allon. A gindinsa ƴan kabu-kabu ke jingine baburansu, wanda ya iya karatu yana karanta wa sauran abin da aka liƙa suna shewa. A zuciyata na hango Rabi, wadda ba ta taɓa taka ƙofar biro ba, a zaune gaban maza uku suna tambayarta ta maimaita, ana rubutawa. Na hango sunanta da na ubanta a allon nan wata guda cur, rana na dukansa, bakin tasha na taunarsa. Wane irin mutum ne ya zauna ya tsara doka haka? Ya tanadi layin mai maguɗi, ya tanadi layin mai zagon ƙasa, amma bai bar ko ɗan gurbi ba don matar da ta ji wa mijinta kunya.

"Rubuta Habu," na ce.

Ya ajiye alƙalami. "Malam Habu, jiya ka nemi a kawo Alƙur'ani."

"Jiya kenan. Yau na tuna."

"Ka tuna me?"

"Na tuna ni ɗan wayo ne. Rubuta, Mushe, rana na yi."

"Bazara ce fa. Lemonka ba zai kai shekara ba. Ko wata uku ba zai kai ba."

"Na fi ka saninsu, ni na yi musu suna."

Ya ɗauki alƙalamin. Ina jin ya gane akwai wani a bayan maganar, amma bai tambaya ba, ni ma ban taimake shi ba. Ya rubuta, na sa hannu.

Kwana biyu aka zo da magini da buhun siminti. Aka toshe rariyar da ke zuwa wurina, aka umarci masallaci ya haƙa kwatami mai murfi a gefen hanya, ruwan ya riƙa taruwa a ciki. Aka sa Liman ya sa hannu cewa ba wanda zai ɗiba daga ciki ya ba shuka. Wannan sa hannun shi ya ɗaure ni, don abokai sun ba ni shawara in riƙa ɗiba da guga a ɓoye, amma in aka kama, dattijon da ya yi mini alheri za a kira biro. A gida kuma na gaya wa Rabi cewa sabuwar doka ce ta hau kan kowa, ba ruwanta da bido.

To ku ji hikimar da aka yi. Kwatamin bai yi wata ba ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya ɗaga murfi ya koma kan hanya, daidai inda yake kwance tun zamanin kakanku, wato ainihin abin da dokar ta zo hanawa. Sauro suka dawo da ƴan uwansu na ƙauye. Liman ya koma tsalle, ga shi tsufa ya ƙaru. Taku goma daga nan, a bayan katanga, itatuwa talatin da biyu na mutuwa da ƙishirwa suna jin ƙanshin ruwan. Na je biro na faɗa, aka ce maganar kwatami daban, maganar lambuna daban, kowace da takardarta, kuma tawa a rufe take sai baɗi. Na ce to ku zo ku gaya wa lemon ya jira baɗi, wataƙila ku zai ji maganarku tunda kuna da hatimi.

Na yi iya yina. Famfo a bazarar nan sai ya kwana biyu bai ce uffan ba, in ya zo kuma kamar hawayen marowaci, ga layin bidon mata har kwana. Ba zan tsaya in yi takara da mai neman ruwan girki don in shayar da itace ba. Na ari kura na riƙa jawo ruwa daga wata rijiya a bayan gari, sawu huɗu a rana, har bayana ya yi ƙara irin ta busasshen kara, na kwanta mako guda ana yi mini gashi. Abin da nake kawowa kuwa rairayin nan kafin in juya ya shanye ya lashe baki. Ganye ya fara naɗewa, ya yi ruwan ƙasa, ya zube. Na layin katanga suka fara tafiya, sai na tsakiya. Ruwan sama ya makara a shekarar. Da ya sauko, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kankare ɓawo da farce ina neman kore. Huɗu na samu.

Ranar da na shiga da gatari don in sare sauran, da hantsi ne. Na sare bakwai ko takwas sai na ji motsi a bayana. Rabi ce, da mayafinta na unguwa, daga gidan suna take. Tunda na dasa lambun nan ba ta fi sau uku ta shigo ba. Ta tsaya tana kallon kututturan.

"A gidan suna na ji," ta ce. "Wata ta ɗauka na sani, take yi mini jaje wai mijina ya sa ruwan famfo don ya cuci gwamnati. Har da cewa an ba ka zaɓi, ka kawo wanda ya yi a sake gwaji."

"Mata da surutu. Ke ma kin san ni, da ba a kama ni a wannan ba da an kama ni a wani."

"Malam, ba wasa na zo yi ba."

"To me kike so in yi, Rabi? In kai ki gaban maza su yi ta juya ki? A liƙa sunanki inda ƴan kabu-kabu ke shan rake?"

"Wata nawa za a liƙa?"

"Wata guda."

Ta dubi itatuwan da suka rage a tsaye, busassu, ta dubi waɗanda ke kwance.

"Wata guda," ta ce. "Su kuma shekara bakwai. Ka tambaye ni ko zan je?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a Matameye ba, ni da na mayar wa mai jaka da littafin doka magana, na tsaya da gatari a hannu ina neman abin dariya ko guda ɗaya, ban samu ba. Fushina da wanda ya tsara dokar nan yana nan bai ragu ba, kuma in na gamu da shi ko a Arfa ne sai na gaya masa. Amma wannan tambayar ba shi aka yi wa ba.

"Da kin je?" na ce.

"Da na sa mayafin nan na je. Da na ji kunya kamar in mutu, in dawo gida in yi tuwo."

Ta cire mayafin ta rataye a reshen ɗaya daga cikin huɗun da suka rayu, ta ɗaure zane, ta sunkuya ta fara tattara rassan da na sare, ƙaya na sukar hannunta. Na ce ta bari zan kwashe.

"Ci gaba da saranka, Malam," ta ce. "Wannan kam ba sai ka zaɓar mini ba."